Neman Gafara a Asibitin Sinja

Matar nan da ta riƙa ba ni shayi a asibiti, fushi zan yi da ita ko addu'a zan yi mata? Har yau na kasa sani. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, ina faɗa ina kuka.

Da ciwon maigidana ya tsananta muka baro Mai Wurno zuwa wani asibiti a Sinja. A nan ya rasu. Gadon da ke kusa da namu na wani tsoho ne Balarabe, matarsa ke jinyarsa. Mace ce mai hannu sake. Ta raba kisrarta da ni, wato wainar dawarsu mai faɗi, ta ara mini tabarmar salla, in na fita alwala ita ke korar wa maigida ƙuda. Da Larabci muke hira, maigida ma da shi yake amsa wa likita, don bakinsa ya fi nawa gogewa.

Wata rana bayan la'asar na ga idon maigida ya sauya. A wurinmu ba a barin mutum ya tafi ba a nemi gafararsa ba. Larabcina na tayin albasa ne a kasuwa, ban taɓa neman gafara da shi ba. Na duƙa na fara da Hausa: "Malam, zaman da muka yi..."

Sai matar ta tafa hannu tana dariya. Ta ce, "Hajja! Ashe ku Fallata ne? Wallahi ban taɓa zato ba. Ga tsabta, ga hankali! Da ba ki yi rutanar nan ba, sai in rantse ku 'yan ƙasa ne."

Rutana suke kiran duk harshen da ba Larabci ba, Fallata kuma mu da kakanninmu suka zo daga yamma. Yabona take yi, har da dafa mini kafaɗa. Ta juya tana gaya wa masu jinya na sauran gadaje, su ma suna murmushi suna kallonmu. Ta zuba mini shayi, na karɓa, na ce na gode.

Maigidana a bakin kogin ƙasar nan aka haife shi, ubansa ma haka. Audugar ƙasar nan ce ta tanƙwara masa baya. Na ga ya ja mayafi ya rufe fason ƙafarsa, kamar wanda aka kama da kayan wani.

Na sake duƙawa, na rage murya. Na ce, "Malam, ka yafe mini."

Da na san daga nan bakinsa zai rufe, da na nace, ko duniya za ta taru a kanmu. Amma ban saba musa masa ba. Ya dubi gadajen nan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya matse mini yatsa, ya ce a hankali:

"Ba a nan ba. Bari sai mun koma gida."