Lambun Inna a Bakin Kududdufi

Shekarun baya, lokacin da zaman ƙauyenmu na wajen Runka ya gagara, na kwaso mahaifiyata da iyalina muka dawo cikin Batsari. Gidan da muka samu yana ƙarshen unguwa, bayansa kududdufi ne, bakinsa duk leda da toka, ga sauro. Kowace damina sai ruwa ya gutsuri ƙasar gindin katangarmu.

Amma ba katangar ce ta fi damuna ba, Inna ce. Matar da a ƙauye ba a ganin zamanta, sai ta koma yini a ɗaki, tuwo ma sai an yi ta lallashi. Muka kai ta asibiti, aka ce ba a ga komai ba.

Ni kuma a nawa wayon na ce bari in gyara bayan gidan, ko ta samu wurin shan iska. Na je har Katsina na sayo furanni irin na ƙofar ofisoshi, na jera su a bakin ruwa ina ta jin kaina. Ko sati ba su yi ba awakin unguwa suka yi walima da su.

Maƙwabcinmu, wani dattijo mahauci, ya tarar da ni ina zagin awaki, ya yi dariyarsa ya wuce. Washegari sai ga shi da baro cike da saiwar jema, ciyawar nan mai riƙe ƙasa, da rassan zogale da lalle. Bai miƙa mini ba. Ya tsaya a zaure ya ce a gaya wa Inna shi nama ya sani, bai san dashe ba, don Allah ta fito ta nuna mana.

Ta fito tana mita. Ta leƙa ramukan da na haƙa, ta ce, "Kai, dashe za ka yi ko rijiya?" Ta karɓe fartanyar. Ranar nan da kanta ta nemi ƙarin tuwo.

Kafin damina ta zagayo jema ta kama gaɓar ruwan, lalle ya zama shinge, ga gwaba, ga ayaba. Mutane suka ji kunyar zuba shara a wurin. Da la'asar matan da suka baro ƙauyuka irinmu sukan zo su shimfiɗa tabarma.

Sai daga baya na ji ashe dattijon nan ya daɗe yana noman rani a fadama. Da na tuna masa maganarsa, ya ce, "Ɗana, na ga hannunta ne ke kewar ƙasa."

Ni da na fito daga cikinta ban gane haka ba, sai mutumin da ko fuskarta bai taɓa gani sosai ba. Har yau idan na tuna sai in ji idona ya cika. Tuni Allah ya yi masa rasuwa, Allah ya jiƙansa. Duk lokacin da gwaba ta nuna, Inna ba ta bari kowa ya taɓa sai an fara cika kwarya an kai wa iyalinsa.