Gurbin Bahaguwa

Shekara ta biyu da aka ba mu jihar Kebbi, ruwan Kainji ya ja baya sosai a farkon damina, har tsohon gungunmu ya fito. Gungu shi ne tsibirin da iyayena suka zauna kafin a datse kogin Kwara a kwaso su zuwa tudu. Ni ina cikin Inna, mahaifiyata, aka tashi, ban taɓa ganinsa ba.

Lokacin ina sabon malamin makaranta a Yelwa, kaina cike da karatu. Na ji ana cewa akwai katangar duwatsu a can wadda ba wanda ya san maginanta, sai na ɗauki littafi da abin awo, wai zan yi bincike. Inna ta ce ƙafata ƙafarta. Na yi ta kawo dalilai, ga rana, ga yanar da ta kusa rufe mata ido. Ta ɗaure wani abu a haɓar zane ta riga ni shiga jirgin kawu.

Abin da take nema gurbi ne. A bayan katangar akwai falalen dutse mai gurabun niƙa birjik, tun na mutanen da ba a san sunansu ba. Kowane gida da nasa, uwa ta bar wa ɗiya. Inna tana son ta taɓa na uwarta kafin ruwa ya dawo, don ta san idonta ba zai kai wata shekarar ba.

Muka tarar da kufai duk laka da bawon kifi. Katangar ta zube, sai wasu manyan duwatsu uku a tsaye, sun fi ni tsawo. Na so in auna su, amma Inna tana riƙe da hannun rigata. Muka yi ta zagaya falalen har azahar ta gota, gurabu sun fi ƙarfin ƙirga, kuma a idona duk ɗaya suke. Hadari ya taso daga gabas, kawu ya fara kira daga bakin ruwa. Na gaji, na kuma ji tausayinta, sai na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na nuna wanda ya fi kusa na ce, "Inna, ga shi nan. Ya yi daidai da kwatancenki."

Ta durƙusa, ta kwashe lakar, ta shafa cikinsa da tafin hannu.

"Wanga ba namu na ba," ta ce. "Innata bahaguwa ta. Gurbinta ya kwanta hagu. Malam, aje littahin ka zo mu lalaba."

Ba ta yi mini faɗa ba, wannan ne ya fi mini zafi. Na ajiye littafin, muka bi falalen da rarrafe, ni da ita, muna zura hannu ɗaya bayan ɗaya. Ita ta same shi, can gefe kusa da tsagewar dutse. Na sa hannuna bayan nata, na ji yadda ya zurma ta hagu, sumul kamar cikin ƙwarya.

Sai ta kwance haɓar zane. Gero ne, bai fi tafi biyu ba. Kawu ya samo mata ɗan dutse, ta wanke gurbin da ruwan kogi, ta niƙa a hankali tana karkata hagu, ita da ba bahaguwa ba. Ta dama a murfin kwanon shanmu, yayyafi yana sauka a ciki. Ga tsakuwa, ga ƙarnin laka.

Ta miƙo mini, ta ɗan kauce saitin inda nake, na matsa na karɓa.

"Sha," ta ce. "Duk jikokinta sun ci daga nan. Kai ɗai ka rage."