Ranar da Suka Gyara Daɓen Baba Wuf

Baba Wuf ake ce masa, don shekara talatin da ɗaya yana jan motar kwana-kwana, ba a taɓa gama buga ƙararrawa yana cikin gida ba. Shi ne duk abin da ya tara a duniya. Ba shi da gidan bene, ba shi da gona, sai wannan suna.

Asirin kuwa yana ƙarƙashin taya. Gidan 'yan kwana-kwanan tsohon gini ne na jan bulo, kuma mahaifinsa na cikin maginan da suka zuba daɓensa. Da gangan suka karkatar da shi wajen ƙofa. Mota tana shiga da baya, a sa mata katako a gaban taya. Ko batir ya mutu, sai a zare katakon, ta gangara, Baba ya sa giya ta biyu ya saki kuloci, ta tashi da ruri.

Sai aka ce za a gyara gini. Aka turo wani injiniya mai farar hula da takalmi kamar madubi. Ya ɗora ma'auninsa a ƙasa, ya kaɗa kai.

"Mutanen dā ba su iya aiki ba. Dubi daɓe a karkace."

"Ranka ya daɗe, ba kuskure ba ne," in ji Baba. "Gangarar ce ke tayar mana da mota."

"Baba, kai direba ne ko magini?"

Kai jama'a! Mutumin da bai taɓa shaƙar hayaƙi ba, shi zai koya wa kwaɗo iyo? Baba ya je wajen shugabansu, aka ce ya rubuto. Ya rubuta, aka sa a durowa. Cikin mako uku suka cike gangarar da siminti, suka shimfiɗa tayil mai santsi, har da ɗaukar hoto. Sabon batir da ya yi wata biyar yana roƙo kuwa, ko a jikinsu.

Wata Talata da azahar aka buga ƙararrawa: wuta a layin kafintoci. Baba ya murza makulli. Ƙit. Ya sake. Ƙit. Ya daka tsawa a zare katako, aka zare, mota cike da ruwa ta tsaya ƙyam kamar an dasa ta. Ƙarti shida suka sa kafaɗa, takalmansu na zamewa a kan tayil, ɗaya har ya fasa haɓa. Baba yana dukan sitiyari yana zagin injiniya da hularsa da wanda ya turo shi. Hawaye yake yi, na baƙin ciki tsantsa.

Sai da suka tare wata tifa ta ja su. Minti arba'in.

Shago tara sun tafi. Yara suka bi motar da jifa suna ihu, Baba bai ko kare fuskarsa ba. Ya diro ya ja tiyo da kansa, sai wani tsohon kafinta, wanda suke sallah sahu ɗaya tun suna samari, ya dafa masa hannu.

"Bar shi, Baba. Da bokiti muka fara, har mun ci rabin wutar. Ni na ce kowa ya ja da baya kada ya ƙone, tunda kai ne, yanzu za ka iso."