Malam Hanzala Mai Duba Nama

Da an sallame Asuba, Malam Hanzala yakan rataya jakarsa, ya hau tsohon babur ɗinsa daga unguwar Poumpoumré zuwa wata ƙaramar mayanka da ke bayan garin Garoua. Aikinsa duba nama ne. Zai tsaga huhu, ya juya hanta, in lafiya lau ya buga hatimi, in da cuta ya ce a binne. Shekara ashirin da takwas ke nan yana haka, ƙarshen watan nan kuma zai aje aiki.

Ɗan mahauta ne gaba da baya. Da ya dawo daga karatun lafiyar dabbobi a Maroua, unguwarsu ta yi murna, ana cewa hatimi ya shigo gida. Murnar ba ta kai wata uku ba.

Georgette, wadda ke sayar da romo a bakin mayankar tun wancan lokaci, a gaban idonta aka yi. Wata safiya aka yanka wani babban sa na Alhaji Jibril, ƙanen mahaifin Hanzala. Da Hanzala ya tsaga huhun, sai ga ƙuraje farare, alamar tarin fuka. Mahauta suka kewaye shi.

"Ɗana, buga mana, rana na yi," in ji Alhaji Jibril. "Waɗanda suka gabace ka duk haka suke yi. Wuta ai tana kashe komai."

Georgette ta ce Hanzala bai buga hatimin ba. Ya durƙusa ya ce, "Baffa, ka yafe ni. Wannan naman ba zai shiga kasuwa ba."

Aka binne san. Daga ranar aka laƙa masa Baturen Huhu. In ya nufo majalisa, sai hira ta mutu. Ranar sunan 'yarsa ta fari, maza huɗu kacal suka zo, har da liman. Matarsa Zahra sai ta tafi wata unguwa kafin ta sami mai sayar mata da nama da sakin fuska. Baffan nasa ya rasu bai sake amsa gaisuwarsa ba. Hanzala ya bi gawar yana can baya, shi kaɗai.

Na taɓa tambayarsa ko yakan yi shakkar kansa. Ya ce, "Kullum. In mutum talatin suka ce maka ka yi kuskure, dole zuciya ta raurawa. Amma ni na ga huhun nan da idona."

Malam Hanzala, kai ne katangar da ba a lura da ita sai ta faɗi. Aikinka ba ya barin shaida, domin yaron da bai kamu da tari ba bai san akwai wanda zai gode wa ba. Mun ci tsire, mun sha romo, mun kwana lafiya, kai kuwa kana cin abincin rana a gindin darbejiya ba abokin hira.

Mun gode, mun kuma makara da godiyar. Allah Ya saka maka da alheri. Matasan da za su karɓi hatimin nan, ku riƙe shi yadda ya riƙe, ko da za a daina gaishe ku. Wanda kuma ya san gidansa, ya leƙa bayan La'asar. Yana nan ƙofar gida, akwai wuri a tabarmar.