Karkataccen Aikin Baba Sikwaya

Idan ka shiga layin kafintoci ka tambayi Baba Sikwaya, ko mai shayi zai nuna maka shagon da baki. Sunan ya samo shi ne daga ƙarfen nan mai kusurwa da kafintoci ke gwada daidaiton aiki da shi. Nasa kullum yana aljihun gaba, fensir kuma a bayan kunne. Shekara arba'in yana sana'ar, kuma abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: karkataccen abu bai taɓa fita daga shagonsa ba. Duk aikin da ya gama sai ya juya bayansa ya ɗora masa 'yar alamarsa da ƙarfe mai zafi. Mutumin kirki ne, amma fa akwai shisshigi. Ko gaisuwa ya je gidan mutane ya ga hoto ya karkace a bango, ba ya iya amsa ina gajiya sai ya tashi ya gyara. Maiɗakinsa ta ce tunda ta soma ranƙwafawa ita ma yake yi mata wani irin kallo.

Autarsa ce ta ja masa. Karatun koyar da lissafi take yi, saura jarrabawa ɗaya: ta tsaya gaban aji ta koyar, wata malama daga kwalejinsu tana zaune a baya tana ba da maki. In ta faɗi, sai ta maimaita shekara guda cur. Ana jibi jarrabawar ta zo shago da takarda.

"Baba, siffa biyu nake so ka haɗa mini da siraran katako. Wannan tirafiziyam, wannan rombos."

Ya ce, "Allah ya sawwaƙe, waye ba lafiya? Ai sunan allura na ji."

Ta yi dariya ta ruga, don tana da aji. Shi kuma ya shimfiɗa takardar a kan benci. Ta farkon bai sha wahala ba. Sama faɗi, ƙasa tsuke, ai bokiti ne in ka kalle shi ta gefe. Ta biyun ce ta tsaya masa a rai. Ya auna gefe huɗun, duk tsawonsu ɗaya, amma abin ya kwanta gefe guda kamar tsohuwar rumfa. Tausayin yarinyar ya kama shi. Karatu ya yi mata yawa, har hannunta ya goce. Zai bari ta kai wannan gaban manya a yi mata dariya, alhali ubanta kafinta ne? Ya ɗauko sikwaya ya miƙe mata abinta sambal, ƙusa biyu a kowace kusurwa, ya goge, ya sa alamarsa.

Ranar jarrabawar ya naɗe su a jarida ya kai mata da kansa a kan keke, yana ta murmushi. A bakin ƙofar makarantar ta buɗe. Ta ga bokitin ta ce madalla. Ta ga ɗayan, sai idonta ya kawo ruwa.

"Baba, me ka yi haka?"

"Gyara miki na yi. Kin karkata shi."

"Ai haka yake! Karkacewar ita ce darasin. Rombos gefensa huɗu tsawonsu ɗaya, kowane gefe yana tafiya daidai da na gabansa, amma ba dole kusurwarsa ta miƙe ba. Tirafiziyam kuwa gefe biyu kawai ke tafiya daidai da juna. Wannan da ka yi kowa zai ce murabba'i ne. Saura minti goma, Baba!"

Kunya ta rufe shi. Wai shi ne yau zai jawo wa 'yarsa asarar shekara da iyayinsa. Ya juya katakon a hannu, ya ce a hankali, "Wato da gangan ake so ya kwanta?"

"Da gangan."

"Kai, boko da neman magana."

Ya laluba aljihu ya fito da filaya. Shi ya fi kowa sanin abin da ke sa firam ya karkace, tunda rayuwarsa duka hana shi yake yi. Ya zare ƙusa ɗaya daga kowace kusurwa, ya bar ɗaya. Ya kau da kai, kamar mai miƙa hannu a yi masa allura, ya tura. Katakon ya kwanta gefe guda.

Auta ta tsaya da kukan. Ta karɓa ta miƙe shi, ta sake kwantar da shi, ta sake miƙewa. Sai ta kwasa da gudu ko sallama babu.

Bai iya tafiya ba. Ya jingina keken ya laɓe a gindin taga. Ya ji ta ba wata ɗaliba abin awo ta ce ta auna gefe huɗun, sannan ta tura firam ɗin ta ce a sake aunawa. Ajin ya ɗauka: "Ba su canja ba!" Ta ɗaga ɗayan ta ce su nuna mata gefen da ke tafiya tare ba sa haɗuwa. Suka nuna sama da ƙasa. Sauran biyun fa? Wata ta ce in aka ja su za su yi karo. Daga nan 'yan aji suka yi ta rububin taɓa mai motsin, har malamar mai maki ta baro kujerarta ta karɓa, ta tura, ta dawo da shi, ta yi dariya.

Ta tambaya, "Dabarar wa ce wannan?"

Auta ta nuna taga. Baba Sikwaya ya nemi sunkuyawa, amma hularsa ta riga ta tona shi.

Da yamma Auta ta shigo shagon da tsalle, ta ci jarrabawar, har malamar ta ce a yi wa kwalejin guda shida irinsa. Ya karɓi firam ɗin ya juya bayansa. Ga alamarsa nan ɓaro-ɓaro a jikin karkataccen abu.

"In goge maka ita, Baba?"

Ya ɗaga sikwayar zai gwada, sai ya mayar da ita aljihu. Daɗi ya cika shi.

Ya ce, "Bar ta. Miƙo mini katako, shida suka ce ko?"