Batirin da Aka Yi wa Guɗa

Tashi daga Bagudo

Ranar hutun samun 'yancin kai na bar Bagudo, ana idar da sallar asuba, raina a ɓace tun kafin in sa takalmi. Ɗiyata ta fari, wadda ke aure a wani ƙauye a tsallaken iyaka cikin ƙasar Benin, ta haihu, gobe suna, kuma dangin mijinta sun ƙi kawo ta gida wanka. Haihuwar fari fa! A gidan wa aka taɓa yin haka? Kowa ya san a gaban uwarta ɗiya ke yin arba'in ɗin fari, uwar ta dafa ruwa, ta gasa mata jiki, ta dama mata kunun kanwa. Ni sai aka aiko mini wai in huta, wai sun ji an sa mini oksijin. Na ce to madalla, bari in je su ga mai oksijin ɗin da idonsu, in kuma dawo da ɗiyata da jikana.

Ba wani oksijin, jama'a. Minshari ne ya yi mini yawa. Malam, maigidana, ya daɗe yana cewa in ina barci nakan yi ɗif kamar an ɗauke rai, sannan in zabura ina haki. Da rana kuma ina auna wa mutane shinkafa a kasuwa sai in yi gyangyaɗi da tiya a hannu. Ƙanena da ke aiki a Sakkwato ya kai ni asibiti, aka kwana ana auna ni da wayoyi a jiki, likita ya ce maƙogwarona ne ke rufewa idan barci ya yi nauyi. Suka haɗa ni da wani ɗan akwati mai tiyo da takunkumin da ake ɗaurawa a hanci, ya yi ta tura iska har safe. Su si-pap suke ce masa, ni injin barci nake ce masa. Yana da batiri nasa na daban, mai nauyin tsiya, saboda wutar garinmu ba ta da alkawari.

Wata biyu ke nan ina fama da shi. Igiyar takunkumin ta kwanta mini a kumatu kamar sabuwar tsaga. Iska ta sulale ta gefe ta yi ta hura mini ido. In tashi baki a bushe, ciki a kumbure. Minsharin dai ya tsaya, Malam har ƙiba ya yi don daɗin barci, amma ni gajiyar tana nan daram. Na koma wa likita da faɗa, ya ce in yi haƙuri, gajiyar shekaru ba ta fita a wata guda. Da shi ne ake ɗaura wa takunkumi kamar jakin da ke ɓarna a gona, da na ga nasa haƙurin.

Na haɗa kayan barka: shinkafa, gero, kanwa, yajin jego, man shanu, sabulai da atamfofi. Injin ya shiga jakar hannuna, batirin ya ƙi shiga. Sai na naɗe shi da sabuwar atamfa don kada ya bugu, na sa shi cikin sabon bahon wankan jariri, na jera sabulai a kai.

A tasha direba ya ɗaga bahon ya yi nishi. "Hajiya, duwatsu za ki kai musu?" Na ce ya ɗora kayana ya bar bakina ya huta. An liƙa wa motar 'yar tuta kore da fari, 'yan makaranta kuma sun fara fitowa da fararen safa za su fareti. Ban ga ƙarshen garin ba barci ya sace ni. A kan gadar gulbi matar da ke kusa da ni ta zungure ni da gwiwar hannu, wai kaina ya kashe mata kafaɗa. Na duba ƙasa, ruwa ya cika maƙil, ya cinye gonakin shinkafa na bakin gaɓa, kansu kawai ake gani.

Illo da bakin iyaka

Da hantsi muka isa Illo, bayan mun sauka sau biyu an tura mota daga taɓo. Na ci masa da romon kifi a wurin wata Badandiya, 'yar ƙabilar bakin iyakar nan, ta cika barkono kamar muna da tsohuwar gaba. Daga nan sai kabu-kabu biyu, ɗaya ni, ɗaya kaya.

A shinge wani mai kaki ya tsayar da mu. Bai damu da baho ba, jakar hannuna ya sa wa ido.

"Mama, mi ke cikin jakar ga?"

"Magani ne."

Ya zaro tiyon yana juya shi. "Wanga magani ne? Na sayarwa dai."

"In na sayarwa ne, kai ka saya mana. Wallahi da ka raba ni da wahala."

Ya ce sai in sa ya gani. A bakin hanya, ga masu tallan gyaɗa, ga 'yan kabu-kabu sun kashe babura suna kallo, ni uwar mutane na ture ɗankwali na ɗaura takunkumi. Sai jikinsa ya yi sanyi. Ya mayar mini da tiyon da hannu biyu ya ce, "Sannu Mama. Allah shi ba da lahiya. Da kin zamna gida." Wannan sannun ta fi tsayarwar ƙona mini rai. A ɓangaren Benin jandarma ya faɗi wani abu da Faransanci ya ɗaga mana hannu, shi ko kallon kirki bai yi mini ba, na kuwa gode masa.

Gidan surukai

La'asar muka shiga ƙauyen. Babu turken wuta ko ɗaya, sai ɗan faifan sola a kan rufin wani shago. Uwar mijin ɗiyata, Yaya Asibi, ita ta tarbe ni a ƙofar gida. Doguwar mace ce mai sanyin magana, irin waɗanda ba ka samun inda za ka kama ka yi faɗa da su. Ta riƙe hannuna tana duban fuskata. "Hajiya, ke da an ka ce kina kwance?" Na ce ga ni a tsaye, da ƙafata na zo.

Aka kai ni ɗakin maijego. Ɗiyar fari ce, ba na faɗin sunanta, ba na kuma zama ina kallonta a gaban mutane. Na gaishe ta sama-sama kamar 'yar maƙwabta, alhali zuciyata kamar ta faɗo. Aka miƙo mini yaron. Na ce, "Wannan ne mijin nawa? Ku mayar, ya cika muni." Aka yi dariya. Ban mayar ɗin ba.

Ina riƙe da shi na ji guɗa a tsakar gida. Na leƙo. Sun shimfiɗa tabarma sun baje kayan barka kamar yadda aka saba, wata tsohuwa tana ɗaga kowane abu tana faɗa wa mata. Ta ɗaga man shanu, aka yi guɗa. Ta ɗaga yaji, aka yi guɗa. Ta sa hannu cikin baho ta warware atamfa.

Wuri ya kaure da guɗa.

"Batiri! Ta kawo ma jikanta wuta!"

Yaya Asibi har da hawaye. Ta ce tun da take ba ta taɓa ganin kakar da ta yi irin wannan tunani ba, yanzu maijego ta huta da laluben tocila. Kafin in buɗe baki surukina ya zo ya durƙusa a bayan labule, kansa a ƙasa, yana ta zuba godiya da addu'a. Ya sungumi batirin ya yi ɗakinsa da shi.

To ku faɗa mini, yaya zan yi? Abin da aka ɗaga a gaban mata aka yi masa guɗa, in ce a dawo mini da shi? Daga hannun suruki? Kuma in ce mi? In ce ba na iya kwana sai da inji, a gidan da na zo nuna musu lafiyata ƙalau? Na haɗiye maganar tana ƙona ni. Na ce wa kaina shekara nawa na yi ina barci babu shi, kwana biyu ba za su kashe ni ba. A ɗakin maijego aka yi mini shimfiɗa, injin yana cikin jaka a ƙarƙashin kaina.

Ranar suna

Na tashi da ciwon kai kamar ana daka a ciki. Duk da haka ni na fara fita murhu, na hura wuta, na sa ganyen darbejiya a ruwa, na yi wa ɗiyata wanka da hannuna. Wannan kam babu wanda ya isa ya ƙwace mini.

Da rana ta ɗaga na ga batirina. An ɗora shi a kan tebur a ƙofar gida, an jona masa lasifika, wayoyin baƙi sun kewaye shi kamar 'yan tsaki sun sami tsaba. Duk wanda ya sauko daga babur sai ya zaro wayarsa ya nemi gurbi. Har wani ya zo da askar lantarki. Na ja Yaya Asibi gefe na ce, "Yaya, batirin nan fa..." Ta kama hannuna ta ce, "Kada ki ce komi, Hajiya. Kin hid da mu kunya. Garin ga kaf maganarki akai." Na koma na zauna ina tafasa.

Bayan azahar mata sun cika ɗaki, ana cin tuwo ana hira, aka ɗora mini yaron a cinya. Na tuna ina kallon 'yan yatsunsa. Na tuna wata tana ba da labarin tsadar albasa. Da na buɗe ido, hannuwana suna nan a lanƙwashe yadda na riƙe shi, amma babu komai a cikinsu. Yaron yana kafaɗar Yaya Asibi. Kowa ta sa ido a kwanonta.

"Hanya ce, Hajiya," in ji ta. "Kin gaji. Ɗan kishingiɗa."

Da zagina ta yi da na ji daɗi, da na sami abin ramawa.

Washegari

Da safe na ɗaure fuska na sami Yaya Asibi na ce suna ya wuce, zan tafi da maijego gida ta ƙarasa wanka, haka al'ada take. Ba ta yi musu ba. Ta ce, "Ɗiyarki ce. Ki tambaye ta."

Na shiga ɗaki na ce ta haɗa kaya. Ba ta motsa ba. Sai a lokacin na dube ta sosai, idanunta sun yi ja sun faɗa.

"Inna, kwana biyu ban runtsa ba."

"Haka jego yake."

"Ba shi ne ya hana ni ba, ke ce. Sai ki yi shiru, in yi ta jira, in yi ta jira, har in taso in taɓa ki, sannan ki ja numfashi kamar wadda aka tsamo daga gulbi. Ina injin da Kawu ya saya miki?"

Na nuna jaka. Na ce batirinsa ne suka sha kiɗa da shi jiya.

Ta dafe ƙirji. "Don mi ba ki faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? Mijinki?"

"Jiya da kika yi gyangyaɗi kan yaron ya kai gwiwarki, Inna. Saura kaɗan. Iya, uwar mijina, ce ta tare shi."

Na ce ai ga dalili ta ji, rashin inji ne, a gida ga inji ga batiri, ba abin da zai faru. Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun tana ƙarama.

"Don Allah ki gaya mini gaskiya. A gida, da injin, kin daina gyangyaɗi?"

Na buɗe baki. Na so in ce e, wallahi na so. Maganar ta ƙi fita.

Ta sunkuyar da kai tana gyara wa yaron zani. "Ki yi haƙuri, Inna. Ba ni iya tsaron numfashi biyu."

Komawa

Ban tsaya karin kumallo ba. Da na fito na tarar an riga an ɗaure batirin a bayan kabu-kabu, surukina yana tsaye nesa yana kallon ƙasa kamar wanda ya yi sata. Ko ɗigon wuta babu a cikin batirin. Yaya Asibi ta raka ni har bakin hanya da ƙullin kifi busasshe, ta ce ƙofa a buɗe take duk ranar da na ji ƙarfi. Na karɓa na yi godiya, ban waiwaya ba.

A hanya na yi faɗa da mai kabu-kabu don ya shiga rami, na yi faɗa da direban Illo don ya tsaya ɗaukar awaki, na yi faɗa da wata da ba ta yi mini komai ba sai tambayar ko lafiya. Ana kiran magariba muka shiga Bagudo. Maƙwabta suka ji tsayuwar babur suka fito da gudu, wata har ta kama hanci za ta yi guɗa, sai ta ga ni kaɗai ce. Malam ya karɓi jakata bai tambaye ni komai ba. Ya ɗauki batirin ya tafi neman inda ake da wuta.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni da ƙafata. Na gode wa Yaya Asibi da hannunta ya fi nawa sauri, ko da yake har yanzu ba na son jin sunanta. Likita kuma ya shirya, ana buɗe asibiti zai gan ni, kuma ba haƙuri zan je saye ba.

Ina sa takunkumin kowane dare har safe, ko ya hura mini ido ko ya tsaga mini kumatu ba na cirewa. Ina cire shi ne da kiran assalatu, a gajiye kamar kullum. Daidai lokacin ne ake sauke ruwan wanka a can, kuma wata ce ke gasa wa ɗiyata baya.