Hular Kwanon Mang Ponciano

Mang Ponciano ya tsufa yana tuƙa motar haya a garin Dau, bai taɓa sanin ubansa ba. Abin da uwarsa ta bar masa kawai tsohuwar hular kwano ta soja, wadda take wanke shinkafa a ciki. Duk ran da ya tambaya sai ta ce, "Ta ubanka ce," ta ci gaba da tsince tsakuwa. Wace runduna? Har ta mutu ba ta faɗa ba.

Da ya ajiye tuƙi sai tambayar ta dawo ta zauna masa a rai. Ya ji labarin masu tara kayan soja na dā, da ke haɗuwa duk Lahadi a wani shagon gahawa a bayan kasuwar gwanjo. Gandama-gandaman maza ne masu jikoki, suna sunsunar tsohon kaki kamar tsire. Al'adarsu, baƙo ba ya fara da sunansa, kayansa yake ɗorawa a tebur.

To mutumin naku mai tsafta ne. Ya ga bai dace ya shiga mutane da ƙazanta ba, ya samu toka da soson ƙarfe ya dirje hular, ya shafa mata koren fenti.

Da ya ɗora ta, Tatang Melencio, dattijon wurin, ya kai ta hanci, ya ture.

"Ɗan'uwa, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

"Ni ne, Tatang. Na ce kada in zo muku da tsatsa."

"Tsatsar muke zuwa gani, bawan Allah. Saura ka fesa mata turare ka ɗaura mata aure."

Aka kwashe da dariya. Ponciano bai yi ba. Ya ce shi dai so yake ya san sojan wa ubansa ya yi.

Tatang ya juya hular a hankali. Ya ce a zamanin yaƙi irin wannan Amurkawa sun sa, sojojin ƙasarmu sun sa, 'yan sunƙuru ma sun tsinta sun sa. "Alamar da ke gefe ce za ta faɗa. Akwai?"

"Dā akwai. Ita ta fi ba ni wahalar kankarewa."

Wani ya dafe kai. Ponciano kuwa ya tsoma yatsa a kofin gahawarsa, ya zana a kan tebur: tsuntsu mai fiffike ɗaya, da ɗigo a ƙarƙashi. Yaron da ya girma yana zuba ruwan shinkafa ba ya mance abin da ke jikin kwano.

Duk kawuna suka sunkuyo. Musu ya kaure, babu wanda ya san alamar.

Tatang ya hana mai shagon goge teburin, ya jawo kujera da ƙafa.

"Zauna, Mai Fenti. Akwai wani tsoho a garin Tarlac da ya cika ɗaki da irin waɗannan alamu. Ka iya tuƙi, ko? Mu biyar ne. Amma hannunka kada ya taɓa masa komai."